Akwatin da Sai Ya Yi Zafi Yake Magana

A wani soro a Ƙoƙi, a lungun da ke ɓullawa wajen Sarari, akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da muka taso muna leƙa masa. Shago ne a baki kawai. Benci ɗaya ne, da tebur mai ɗingishi da aka tokare da bulo, sai gawarwakin rediyo da aka jibga har suna neman taɓa azara. A ƙarƙashin teburin akwai wani akwatin katako mai rufin leda ruwan toka, mariƙinsa ya tsinke, tambarin kamfanin da ya ƙera shi ya faɗi tun ba a haife mu ba. Baba, kamar yadda muke kiran dattijon, ba ya barin kowa ya zauna a kai. Ya ce na wani makaɗin jita ne daga Sabon Gari, ya kawo gyara ana gab da rikicin 1966, bai dawo ba har yau. Gyara an yi shi tun a makon, amma kaya ya zama amana.

Duk bayan 'yan watanni, ranar da wuta ta zo da ƙarfinta, sai ya jawo akwatin ya karkaɗe, ya jona. Idan ya murɗa makunni ba abin da ake ji. Mu yara har mu fara dariya, mu ce ya mutu. Sai ya ce, “Ku dai ku yi haƙuri, ɗan nan. Shi ba ya magana da sanyin jiki.” Ta bayan akwatin za ka hango wasu kwalabe tsaye a jere, cikinsu ya fara yin ja kamar garwashin da aka hura. Ƙaurin ƙura mai ƙonewa ya tashi. Can sai wani gurnani ya taso a hankali daga cikin sifika, ƙasa-ƙasa, kamar na sa a turke. Baba ya ɗora ɗan yatsa a kan bakin wayar da ake soka wa jita, soron duka ya ɗauki ruri, kaji su watse a waje.

Wannan akwati shi ake kira amfilifaya, kwalaben cikinsa kuma bawul. A Turai da Amurka irinsa na shekarun 1950 da 1960 sun zama kayan gado, ana sayar da wasu da kuɗin da za su sayi mota, ana rubuta littattafai a kan wace shekara ce ta fi wace daɗin amo. Na daɗe ina ganin abin kamar sha'awar masu abin hannu ce kawai. Da na bi tarihinsa sai na iske labarin masu gyara ne irin Baba, kuma abin da ya ɗaukaka akwatin wani aibi ne da injiniyoyi suka yi ta yaƙi da shi, aibin da kunnen Bahaushe bai taɓa ɗauka aibi ba.

Bawul kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta aka liƙe. A tsakiya akwai zaren wuta, wanda a yawancin na jita bolt 6.3 yake ci, aikinsa kawai ya gasa wani ɗan bututun ƙarfe da ke kewaye da shi. Idan bututun ya yi zafi sai ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki. Jiran da muke yi ke nan muna dariya. A gefe akwai faranti da aka ɗora wa wuta mai ƙarfi, bolt ɗari uku ko ɗari huɗu, yana fizgar ƙwayoyin nan zuwa gare shi. Tsakanin bututu da faranti aka gitta wata 'yar raga ta siririyar waya, kuma dabarar duka tana wurinta. Wanda ya taɓa ganin manomin rani a Kadawa yana ban ruwa zai gane: ruwan daga Tiga yake, ba shi ya kawo shi ba, amma da ɗan dunƙulen laka a bakin kwali yake buɗe shi ya rufe shi yadda ya so. Tsirkiyar jita idan ta kaɗa a gaban maganaɗisu mai naɗin waya, 'yar wutar da take haifarwa ba ta kai ta motsa komai ba. Ita ake kai wa raga, ragar kuma ta sa babbar wuta ta yi rawar da ƙaramar ke yi. Daga bawul ɗin farko a miƙa wa na biyu, daga nan a miƙa wa manya, sannan taransifoma ta sauko da ƙarfin daidai da abin da sifika za ta iya ɗauka.

Bature John Ambrose Fleming ne ya fito da kwalbar farko a Ingila a 1904, mai bututu da faranti kawai. Lee de Forest na Amurka ya ƙara ragar a 1906. A kan wannan 'yar raga aka gina rediyo, da tarho mai dogon zango, da silima mai magana. Jita daga baya ta zo, kuma a matsayin 'yar alfarma. Matsalarta ita ce ba ta da murya. A cikin taron masu busa da ganguna makaɗinta sai dai a ga hannunsa yana motsi. A farkon shekarun 1930 George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker suka fitar da jita mai maganaɗisu wadda aka yi wa laƙabi da kwanon suya saboda siffarta. Akwatunan da aka haɗa ta da su ba wani abu ba ne illa cikin rediyo da aka cire wa sashen kamo tasha.

Leo Fender, wanda sunansa ya zama kamar sunan sana'ar, bai iya kaɗa jita ba. Mai gyaran rediyo ne. A 1938 ya buɗe shago a Fullerton ta jihar Kalifoniya, yana gyara yana bayar da hayar lasifika ga masu taro da masu raye-raye, kamar dai yadda masu haya ke yi a bikin unguwa. Makaɗa suna kawo masa akwatunansu da suka lalace, yana ganin inda suke karyewa. Da ya kafa kamfaninsa a 1946, bai ƙirƙiro wata sabuwar hikimar lantarki ba. Tsarin wayoyinsa yawanci daga littafin jagora na kamfanin RCA da ƙirƙire-ƙirƙiren Western Electric ya samo su. Abin da ya kawo shi ne idon mai gyara. Ya jera kayan ciki a kan allo ɗaya mai ramuka, kowanne a fili, inda ƙarfen narka dalma zai kai gare shi ba tare da an kwance rabin akwati ba. Ya manna takarda a ciki mai nuna wane bawul ke zama a wane gurbi. Ya yi katakon da zai jure jifa a bayan mota, ya rufe shi da yadin da ake yi wa akwatin tafiya, mai ruwan ɗorawa da zane-zane, wanda masu sha'awa ke kiran zamanin duka da sunan yadin har yau.

Ƙaramin cikinsu, Champ, wanda ya samo asali a 1948, don ɗalibai aka yi shi. A siffarsa ta ƙarshen shekarun 1950 bawul uku ne kacal: 12AX7 mai karɓar sauti, 6V6 mai tura shi, 5Y3 mai gyara wutar gida ta zama mai gudu hanya ɗaya. Wat biyar, sifika mai faɗin inci takwas, maɓalli guda ɗaya tak. Wannan ɗan abin da ba ya cika ɗaki shi ake cewa Eric Clapton ya yi amfani da shi wajen naɗar faifan Layla a 1970. Babban yayansa kuma Bassman, wanda aka fara a 1952 don jita mai kaurin murya. Zuwa 1959 yana da sifika huɗu masu inci goma-goma da ƙarfin wat arba'in da ɗoriya. Masu kaurin muryar ba su ji daɗinsa sosai ba, masu jita ta sosai suka ƙwace shi.

A Landan akwai wani makaɗin ganga mai kantin kayan kiɗa a unguwar Hanwell, Jim Marshall. Samari suna zuwa suna kukan kayan Amurka sun yi tsada. A 1962 shi da Ken Bran da wani matashi Dudley Craven suka buɗe cikin Bassman suka kwafe shi kusan waya da waya. Sai dai kayan da ke hannunsu na Ingila ne. Taransifoma daban, sifika ta Celestion mai inci goma sha biyu guda huɗu a rufaffen akwati, daga baya bawul ɗin ma suka koma KT66, sannan EL34. Kwafi ya ƙi fitowa daidai da asali, ya fi shi kaushi da cizo, kuma wannan rashin daidaiton shi ya zama JTM45, kakan duk amon da ake kira na Marshall. Ina yawan tuna wannan idan na ji ana raina maƙeranmu da cewa kwaikwayo kawai suka iya. A Dartford kuma Tom Jennings da Dick Denney sun riga sun fitar da Vox AC15 a 1958, sannan AC30 mai EL84 guda huɗu, wanda Beatles suka yi suna da shi. A 1965 Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13, kuma tun daga ranar masu sha'awa suka raba tarihi biyu, kafin ciniki da bayan ciniki.

Injiniyan wancan zamani burinsa ɗaya ne: abin da ya shiga akwati ya fito yadda yake, sai dai ƙarin ƙarfi. Ɗan aike nagari ba ya ƙara gishiri. To amma makaɗa suna wasa a wuraren da hayaniya ta yi yawa, suna murɗa maɓalli har ƙarshe, suna tura wa bawul abin da ya fi ƙarfinsa. A nan halinsa ke fitowa. Bawul idan kaya ya yi masa yawa ba ya yanke sauti ƙaf ɗaya. Lanƙwasa shi yake yi a hankali, yana haifar wa kowane amo 'yan ƙanne a samansa, muryar ta yi kauri ta yi gashi. Bawul mai gyara wutar ma yana da nasa: idan aka daki tsirkiya da ƙarfi sai wutar ta ɗan risina sannan ta miƙe, kamar ɗan dako da aka aza wa buhu. Saboda haka makaɗi yana jin akwatin yana amsa masa a yatsu. Ya shafa a hankali, murya ta fito garau. Ya danna, ta yi ruri. Injiniya ya kira wannan gurɓata. Makaɗa suka bi shi da gudu. A faifan Rocket 88 na 1951 amfilifayar da ta lalace a hanya aka naɗa da ita haka nan. Link Wray ya huda takardar sifikarsa a 1958, Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya tsaga tasa da reza a 1964, duk don neman wannan kaushin.

Abin da ya ba ni dariya ke nan da na fara karanta labarin. Mutane sun ɗauki reza suna yanka kayansu don su sami abin da kowane mai garaya a ƙauyen Kano ya gada. Dubi kan sandar garaya ko ta kuntigi, akwai 'yan ƙarafa da ake maƙalawa don su riƙa kacau-kacau duk sa'ad da aka taɓa tsirkiya. Dubi ganga, akwai igiyar da ake gittawa a kan fata don ta riƙa zuza. Goge gashin jelar doki ne a kan gashin jelar doki, an shafa masa ƙaro, muryarsa da yashi-yashi take fita. Algaita ba ta san laushi ba, kakaki kuwa ba a maganarsa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma amonsa ya fi jikinsa saboda wannan zuzar. A wurinmu sautin da ya fito sumul, ba gashi ba ƙura, kamar miya ce ba daddawa. Maƙerin kayan kiɗa na ƙasar Hausa yana gama abu mai tsabtar murya, sannan da gangan ya ƙara masa abin da zai dama ta. Ban ce Turawa daga gare mu suka koya ba. Tasu hanyar daban ce, ta biyo ta kan makaɗan baƙar fata na kudancin Amurka da na Chicago. Amma inda suka isa bayan wahala, a nan muka taras da kakanninmu zaune.

Duk da haka, bawul bai shigo birnin Kano a bayan jita ba. Ta rediyo ya shigo. A 1944 Turawan mulki suka kafa tashar rarraba shirye-shirye ta waya a Kano. Babbar na'ura tana wuri ɗaya, an ja wayoyi zuwa gidajen masu biyan kuɗin wata da wasu dandali, a ƙarshen kowace waya akwai akwati mai sifika kawai. Wato gari guda aka mayar amfilifaya ɗaya mai baki da yawa. Sai rediyo mai kamo tasha da kansa, irin su Philips da Grundig da Pye, da attajirai ke saya a kantunan Turawa. Ƙoƙi unguwar fatake ce, unguwar su Alhassan Ɗantata, don haka ba ta rasa gidajen da irin wannan akwati ke zaune a kan tebur an lulluɓe shi da ƙyalle. Lokacin da BBC ta fara Sashen Hausa a 1957, ta cikin kwalabe masu zafi muryar ta iso, haka ma Rediyon Kaduna a 1962. Silima ma haka: Rex da aka buɗe a 1937, da Palace da ta shigo cikin ganuwa wajen Jakara a farkon shekarun 1950 malamai suna tir, duk bawul ne ke tura muryar zuwa bayan fage. Motar majigi da ke zaga ƙauyuka da shi take yawo, 'yan NEPU da 'yan NPC da shi suka yi wa juna shaguɓe ta lasifika. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda ɗan unguwar nan Malam Mahmudu Ƙoƙi ya yi wa hidima, ya fito kafin duk wannan ya cika gari. Kalmomin sana'ar a bakin masu gyara aka ƙera su, ba a takarda ba.

Jita mai lantarki tana can bayan ganuwa, a Sabon Gari, a otal-otal da gidajen rawa inda ake kiɗan hailaif. Zamanin su Rex Lawson ne da Victor Uwaifo, kuma kowace ƙaramar ƙungiya tana da ɗan akwatinta na Ingila, domin wutarsa ta yi daidai da tamu. Na Baba irinsu ne. Na taɓa leƙa bayansa da tocila bayan na girma: EL84 guda biyu, ECC83, da EZ81 mai gyara wuta, a jikin kowanne an rubuta Mullard. Wat goma sha biyar ne ko sama kaɗan. Tsakanin Ƙoƙi da Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, amma jita ba ta taɓa ƙetaro wannan tazarar da gaske ba. Ta zo da rigar gidan giya, kuma a birni kiɗa sana'ar gado ce mai matsayinta, ba abin da ɗan malam ko ɗan attajiri zai rataya a wuya ba. Bala Miller ya yi ƙoƙari a Kaduna cikin shekarun 1970, ya sa Hausa a kan jita da ƙahoni, ya kuma yi suna, amma bai bar zuriya mai yawa a sana'ar ba. Abin da ya ƙetaro shi ne akwatin, ba tare da jitar ba. Masu kukuma irin su Garba Supa da Ahmadu Doka, da masu goge, da sha'irai a majalisi da maulidi, duk makirfo suka kama. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kula da na'ura a biki ya san ba ya hutawa sai ya murɗa har murya ta fara tsagewa. Idan ka ce ya rage, sai ya ce ai ba ta fita. Da samarin Kano suka tashi yin kiɗan zamani cikin shekarun 1990, fiyanon Yamaha suka ɗauka, suka tsallake jita ɗungurungum.

Sai ka haura Nijar ka ga inda jita ta sami gida. A Agadas da Yamai ita ce kiɗan biki. Abzinawa ne suka ɗauko ta daga zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya, irin su Tinariwen da Abdallah Oumbadougou, aka yi ta yawo da ita a kaset. Bombino ya biyo baya, Tal National a Yamai suna rera ta har da Hausa. Mdou Moctar, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin sarrafa muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. To ga abin lura: amon nan mai ƙura da ya sa duniya ta waiwayi Agadas, yawancinsa ba daga bawul ya fito ba. Daga ƙananan akwatuna masu tiransista ya fito, masu cin batir ko ɗan janareta, an murɗa su har wuya a filin biki. Masu bautar tsohon kaya ba sa son jin wannan. Suna so a ce sirrin yana cikin kwalbar Mullard ta wata shekara. Ni dai abin da na gani shi ne kunne ke neman kaushin, hannu kuma ya samo shi a duk abin da ya tarar.

Ba kuma zalunci aka yi wa bawul ba da aka ture shi. An ƙirƙiro tiransista a ɗakin binciken Bell a 1947, kuma zuwa shekarun 1960 rediyonsa ya cika kasuwa. Ba ya jiran zafi, ba ya fashewa, batir ɗin tocila ya ishe shi. Shi ya kai labarin duniya ruga da gona, ya rataya a kafaɗar makiyayi. Rediyo mai bawul yawanci na mai wutar lantarki ne, wato na 'yan ƙalilan. A masallatai da wajen wa'azi ma akwatunan Ahuja da TOA masu jona batirin mota suka karɓe aikin, kuma sun fi dacewa da mu. Bawul halittar ƙasar sanyi ce. Yana haifar da zafin kansa, ka haɗa masa da na bazarar Kano a ɗaki mai rufin kwano. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai su riƙa ƙarar yashi. Damina tana jiƙa allon ciki wuta ta riƙa satar hanya. Gara tana son katakon, kyankyasai suna son takardar sifika, zanzaro ya gina ɗakinsa a kan taransifoma. Ga wutarmu mai hawa da sauka. Wanda ya sayo na Amurka kuwa, mai cin bolt 110 zuwa 120, ya jona shi kai tsaye a tamu mai 230, hayaƙi ɗaya zai gani.

Amma fa yana gyaruwa, kuma a nan ya fi na yau nesa ba kusa ba. Na sha zama ina kallon Baba yana binciken irin waɗannan kaya. Kafin ya taɓa mita, ido yake fara sawa. A saman kowace kwalba akwai wani shafe mai ƙyalli kamar azurfa; idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. Idan farantin ciki ya yi ja, ba zaren wuta kaɗai ba, sai ya yi maza ya kashe, ya ce yana cin kansa. Sannan ya ɗauki fensir ya riƙa ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta amsa ta cikin sifika da ƙarar ƙararrawa, cikinta ya saki. Gurnani idan ya yi yawa, ya san manyan kafasita ne suka bushe, kuma dalilin da ya sa yake kunna akwatin amana lokaci-lokaci ke nan, domin zama ba aiki yana kashe su. Dokokinsa biyu ne. Ba a kunna mai bawul sai sifika tana jone, in ba haka ba ƙarfin ya rasa mafita ya koma ya ƙone taransifoma. Kuma idan za ka sa hannu a ciki, ɗayan hannun ya koma bayanka, don kada wuta ta ratsa ƙirji.

Ta biyun da jikina na koye ta. Wata rana ya fita alwala, ya bar wani tsohon rediyo a buɗe, an zare shi daga bango. Na ce ai ba wuta. Na miƙa yatsa zan taɓa wani gwangwani mai ƙyalli a gindinsa. Ban san lokacin da na tsinci kaina a jikin ƙofa ba, gwiwar hannuna tana zogi, bakina da ɗanɗanon ƙarfe. Ya shigo yana yarfe ruwa, ya dube ni ya dubi rediyon. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki sukundireba mai mariƙin roba ya haɗa bakin gwangwanin da jikin ƙarfe, wuta ta yi tartsatsi ta ce ɗas. “Ka ga sauran abin da ya rage maka,” in ji shi. “Kafasita rumbu ce, ɗan nan. Don an rufe gona ba a ce rumbu ya zama wofi ba.” Na ce, “Baba, na tuba.” Ya ce in je in sha ruwa, kuma kada in gaya wa tsohuwata.

Yau masana'antun da ke yin irin wannan bawul a duniya 'yan kaɗan ne. Ta Mullard da ke Blackburn ta daina tuntuni, na Amurka ma kusan duka sun rufe. Abin da ya rage mai yawa yana fitowa daga Saratov a Rasha, da kamfanin JJ a Sulobakiya, da wasu a ƙasar Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, kasuwar ta rikice, farashi ya yi tsalle, makaɗa a Amurka suka shiga sayen na ajiya. Tsofaffin da ba a taɓa amfani da su ba, masu kwalinsu na asali, su ne zinariyar. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu sayarwa, ko da yake ban tabbata kunnen kowa ke rarrabe zumar ba idan aka rufe masa ido. Allah kaɗai ya san irin su nawa aka farfasa a Kano aka auna ƙarfen a kilo. A ɗakunan naɗar waƙa na Zoo Road kuwa, yaro zai buɗe kwamfuta ya danna hoton wani akwati mai ruwan ɗorawa, manhaja ta kwaikwayi lanƙwasar 6V6 da risinawar 5Y3 ta shafa wa muryar mawaƙi. Yana cewa ya sa mata ɗumi. Bai taɓa ganin kwalbar tana ja ba, amma kalmar da ya zaɓa daidai ce.

Da Baba ya rasu, aka zo rabon gado, akwatin ya tsayar da magana. Wani ya ce a haɗa shi da tarkacen da 'yan gwangwan za su ɗauka. Babbar 'yarsa ta ce mahaifinsu ya sha faɗa cewa ba nasa ba ne. Malamin da ke rabon ya ce amana ba ta shiga gado, a ajiye ta a hannun amintacce har mai ita ko magajinsa ya bayyana. Aka miƙa shi ga tsohon yaron shagon, wanda yanzu gyaran waya yake yi a Farm Centre. Na je wurinsa bara. Akwatin yana ƙarƙashin kanta, tsakanin kwalayen gilasan waya. Ya ce ya kunna shi bayan sallar layya, kwalabe uku sun yi ja, ta huɗun, mai gyara wuta, kanta ya yi fari. Ya rubuta EZ81 a bayan wani rasit ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou, yana jiran ya dawo.